Rufin da Sandar Mama Ba Ta Kai Ba

Ranar da na mayar da Mama gidanta na Sabon Gari bayan an gama gyara, ta tsaya a tsakiyar falo, ta shaƙi warin fenti, ta ce min, "To, mun ga gidan mutane, ya yi kyau. Sai ki kai ni gida." Na yi dariya, na zaci tsokana ce, don Mama gwanar tsokana ce tun tana gani da idonta. Ita ba ta yi dariya ba. Ta matse ƙullin kayanta a hammata, ta ƙi zama. Ta haura tamanin a lokacin, idanu sun tafi, likita kuma ya riga ya ja ni gefe ya ce zuciyar ba za ta ja da nisa ba. Abu ɗaya ta roƙe mu tun ranar da muka ɗauke ta: kada mu bari ta mutu a gidan wani. Ga shi na kawo ta gidanta, tana ce min gidan wani ne.

Baba ne ya gina gidan, lokacin yana makanike a wurin gyaran jiragen ƙasa. Ɗakuna ne a jere, gajeru, ba silin. In ka ɗaga kai kwano za ka gani da katako, dogon mutum ma yana iya taɓawa da hannu. Da bazara ɗakin nan tanda ne, da damina kuwa in ruwa ya sauko sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka. A haka muka girma, ni da yayana, kuma ba mu mutu ba.

Duk shekara, da zarar zafi ya tsananta hadari ya fara leƙowa ta gabas, Baba zai narka kwalta a tsohon gwangwani, ya yayyaga tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya jingina tsani ya hau. Daga sama ba a ganin ƙananan hujin da ke yoyo. Mama ce ta san su, tun daminar bara ta haddace su a kanta. Sai ta tsaya a cikin ɗaki da gora, ta ƙwanƙwasa kwano daidai wurin, ta ce, "Baban yara, nan ne!" Shi kuma ya amsa da ƙotar guduma daga sama, ya tsoma tsumma a kwalta ya liƙe. Haka za su bi gidan ɗaki ɗaki, ita a ƙasa shi a sama, suna faɗa. Takan ce, "Ka liƙe ɗaya ka huda biyu da wannan ƙatuwar ƙafar taka." Shi ya ce, "To ki hau mana, tunda kin fi ni iyawa." In rana ta yi sanyi sai ta jingine gorar ta ce, "Ka sauko haka nan, abinci zai huce." Ban taɓa ganin daminar da gidan bai yi yoyo ba, ban kuma taɓa ganin shekarar da suka fasa ba.

Bayan rasuwar Baba ne idon Mama ya fara dushewa, a hankali, har ya rufe. Ta ƙi barin gidan. Muka samo wata 'yar'uwa mai ɗan shekaru ta zauna da ita, ni kuma ina zuwa daga Samaru in na tashi daga makaranta. Wata rana da la'asar na shigo na same ta zaune a kujerarta, ta ɗaga sandar da take dogarawa, tana ƙwanƙwasa kwano. Ta sauke sandar ta kasa kunne. Can sai na ji kwanon ya ce ƙas. Ta yi murmushi ta ce, "Ai na ji ka."

Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Amma ni malamar kimiyya ce, abin da nake koyarwa ke nan. Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan: rana ta gasa ƙarfe ya miƙe, in ya fara hucewa sai ya tsuke, shi ne ƙarar. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na ji, Malama. Ki je ki gaya wa 'yan ajinki." Na ce, "Mama, Baba fa ya rasu." Ta ce, "Ke za ki gaya min? Ni na rufe masa ido. Mutuwa ce za ta hana shi duba rufinsa?" Hankalinta ras yake, ta san ranar kasuwa, ta san wanda ya daina zuwa coci da dalilinsa. Wannan ɗaya ne dai ta riƙe, na kuma ƙyale ta da shi.

Sai gara ta gama cinye katakon. A tsakiyar wata damina, da rana tsaka, katako ɗaya ya karye a kicin, ya faɗo da kwano da komai, daidai inda Mama take zama tana tsince shinkafa da yatsu. Allah ya sa ta tashi ke nan. Yayana yana aiki a Fatakwal, da na aika masa hoton sai ya kira yana huci, ya ce ba faci za a yi ba, gidan gaba ɗaya za a gyara, a ɗaga gini, a yi rufi irin na zamani. Na ce na yarda. Har gobe in an tambaye ni zan ce na yarda. Masu cewa da mun bar tsohuwa da gidanta yadda yake, su zo su kwana ƙarƙashin katakon da gara ta ci, sannan mu yi magana.

Da damina ta ɗauke na kawo Mama wurina a Samaru, aka fara aiki. Yaya yana can yana ba da umarni ta waya, ni ce a ƙasa ina shan rana. In na tashi daga makaranta in hau napep zuwa Sabon Gari, in yi faɗa da birkila, in yi faɗa da mai kawo yashi, in ɗauki hotuna in tura wa 'yan gida. Yau an fasa bangon da ke tsakanin ɗakin Baba da zaure an yi falo. Gobe an ƙara layin bulo a sama. An toshe tsohuwar ƙofar kicin an buɗe wata. An shigo da banɗaki cikin ɗakin Mama don kada ta riƙa fita tsakar gida. Duk hoton da na tura sai dangi su yi ta sa albarka, har waɗanda ko buhun siminti ba su saya ba.

Ranar da aka cire kwanon ina wurin. Na shiga ɗakin Mama na ɗaga kai, sai sama fetal, da shirwa tana shawagi. Ɗakin ya zama ɗan ƙarami, kamar ba a nan aka haife mu ba. An jingine fallayen a tsakar gida, cikinsu baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. A jikin ɗaya na ga 'yan lotse-lotse sun taru wuri guda, kamar tafin hannu. Na daɗe ina kallo kafin na gane kan sandar Mama ne, daidai saman kujerarta. Kafinta ya zo ya tambaye ni yadda za a yi da tsohon kwano. A garin nan in mai gida bai ce yana so ba, rabon kafinta ne, kowa ya sani. Na kira Yaya, ya ce, "A kwashe tarkacen nan, kada in zo in ga ko falle ɗaya." Kafin magariba an loda su a kura an tafi.

A Samaru Mama ta yi haƙuri fiye da yadda na zata. Gidan da nake haya ƙasan bene ne, ɗalibai a sama, dare da rana suna sintiri suna kiɗa. In ta ji takunsu sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ba tafiyarsa ba ce." Kullum na dawo sai ta ce, "Ina aka kai?" In ba ta labari, ta gyaɗa kai. Ranar da na ce an fara ɗora sabon rufi sai ta ce, "To. Zai saba." Na san wa take nufi.

Rufin da Yaya ya zaɓa irin mai yashi-yashin nan ne a jiki, ja, mai tudu. Mai sayarwa har bugun ƙirji yake yi, wai ko ƙanƙara ake yi ba za ka ji komai a ciki ba. A ƙarƙashinsa aka yi farin silin mai zane, da fitilu a ciki. Tsakani da Allah gidan ya yi kyau. Mutane suna wucewa suna tsayawa, wata maƙwabciyarmu ta ce duk layin ba kamarsa. Ni kaina na ji daɗi, na yi ta jujjuya waya ina ɗaukar hoto ta kowace kusurwa.

To ranar da na dawo da ita, bayan ta ce in kai ta gida, na lallaɓa ta na ce ta taɓa ta ji. Ta sa hannu a bango tana bi. Inda ta san ƙofa ta tarar da bango, inda ta san bango hannunta ya faɗa iska. Dakalin da take cin tuntuɓe da shi shekara da shekaru babu, amma sai da ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi. Na kai ta ɗakinta na zaunar da ita a tsohuwar kujerarta, a daidai wurin da take. Ta shafa hannun kujerar ta ce, "Har kujerata kuka ba su?"

La'asar ta yi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ta ɗaga sandar. Ba ta taɓa komai ba. Ta miƙe tsaye ta ɗaga, ba komai. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, tsohuwa mai ciwon zuciya, tana sukar iska da sanda, fuskarta a sama. Silin yana can nesa, fari tas. Ta sauke hannu ta kasa kunne. Gidan shiru, sanyi ƙalau, kamar yadda mai sayarwa ya yi alkawari. Ni da na yi shekaru ina ce mata ƙarfe ne kawai, na samu kaina ina kasa kunne tare da ita.

Daga ranar ta ƙi kwance ƙullin kayanta. A gefenta yake in tana zaune, a ƙarƙashin kanta in ta kwanta. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture, ta ce ba a cika ciki a gidan mutane. Matan zumunta na coci suka zo suka yi mata waƙa, ta gode musu da suka nemo ta har inda aka ajiye ta. Fasto ya yi addu'a, ta ce amin, sannan ta kama hannunsa ta ce, "Ka yi wa yaran nan magana su mayar da ni." Na dawo gidan da kwana. Ina kallonta tana zubewa, zobenta har ya fara faɗowa daga yatsa.

Ruwan farko ya sauko da hantsi wata Asabar, mai ƙarfi, da iska. Ina ganinsa ta taga yana dukan ƙasa, a ciki kuwa ko ɗis ba ka ji. Mama ta ɗaga hanci ta ce, "Ƙamshin ƙasa nake ji. An yi ruwa ne?" Na ce, "Ana kan yi, Mama." Ta juyo da fuskarta inda muryata take ta ce, "Ana ruwa ban ji ba? Ke, ko dai kun riga kun binne ni ne ba ku gaya min ba?" Na fita baranda na yi kuka har ruwan ya tsaya. Tsoro ne ya kama ni, tsoron za ta tafi tana ganin mun yashe ta a hannun baƙi.

Na kira Yaya na ce zan nemo tsohon kwanon. Ya ce, "Kin haukace? Rikicin tsufa ne, ki kai ta asibiti a Shika su ba ta magani." Na ce, "Yaya, wane magani ne zai sa rufi ya yi magana?" Ya ce bayan duk wahalar da ya sha zan liƙa masa bola a jikin gida, mutane su yi mana dariya. Na ce, "Su yi mana! Kai hoton gidan kake gani, ni uwarmu nake gani." Na kashe wayar. Tunda nake ban taɓa kashe masa waya ba sai ranar.

Kafinta ya sosa ƙeya da na same shi. Ya ce yawancin fallayen 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun saya, sun riga sun murƙushe an yi gaba da su. Masu ɗan dama-dama ne ya ba surukinsa a Hanwa ya kewaye garken awaki. Na tare napep na ce ya hau mu je. Tun daga nesa na gane su. Ga facin kwalta nan birjik, kowanne da bakin shuɗin tsumma yana leƙowa ta gefe, rigar Baba. Na zaga ta ciki, awaki suna shinshina ta, ina bin fallayen da hannu har na samu mai lotse-lotsen. Na durƙusa a gabansa, a cikin kashin awaki, da kayan makarantata.

Mai awakin ya tsaya yana kallona. Da na ce zan kawo masa sabon kwano dal ya ba ni waɗannan, sai ya ƙi. Ya ce ba mai musanya sabo da ruɓaɓɓe haka kawai, in faɗa masa abin da aka binne a ciki. Shi a zatonsa asiri ne. Haba, raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya. Matarsa ce ta fito daga kicin ta ce in gaya mata. Na gaya mata a taƙaice. Ta juya ta ce wa mijin, "Kai dai ba ka da uwa ne? Cire mata."

A bayan ɗakin Mama akwai ƙofa mai fita ɗan fili. A nan na ce a kafa rumfa. Kafinta ya kawo dogayen katako, na ce ya yanke. Ya ce, "Malama, zai yi ƙasa da yawa, ga shi zai ɓata kyan ginin." Na shiga na aro sandar Mama tana barci, na zauna a kujera na ɗaga, na ce, "Nan. Inda ta tsaya nan za ka kafa." Ya girgiza kai ya yi yadda na ce. Muka wanke fallayen, amma warin bunsuru bai fita duka ba. Rumfar ta fito a karkace, baƙa, tana jingine da jan rufin Yaya. Mummuna ce, ba sai an gaya min ba.

Washegari an yi yayyafi da safe, rana ta fito da ƙarfi bayan azahar. Da la'asar na ɗauki kujerarta na kai ƙarƙashin falle mai lotsen, na riƙo hannunta. Ta ɗauki ƙullinta ta ce, "Tafiyar ce?" Na ce, "Zo dai ki zauna." Ta zauna. Zafin kwano ya sauko mata a ka, na ga ta ɗaga fuska.  Ta daɗe a haka, sannan a hankali ta ɗaga sandar, kamar mai tsoron a sake ba ta kunya. Kan sandar ya daki kwano. Ta firgita, ta sake ƙwanƙwasawa.

Shiru. Injin markaɗen maƙwabta yana ta ƙara, wata kaza tana tono a gindin katanga. Ni da na san dalilin ƙarar, na tsaya ina roƙon Ubangiji a zuciyata ya turo ko ɗan gajimare ya rufe rana. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can inuwa ta ratsa tsakar gidan, sai kwanon ya ce ƙas. Ya ƙara, ƙas.

Mama ta ce, "Ina ka shiga?" Muryarta ba ta rawa ko kaɗan, faɗa ne sosai irin na da. "Ina ka shiga, Baban yara? Yaran nan suka ɗauke ni suka kai ni gidan mutane, kana ina? Sun rushe maka ɗaki, ka sani? Wannan 'yar taka mai bakin tsiya ita ce kan gaba." Ta yi ta kai ƙarata, ina tsaye a bayanta, hawaye yana zuba ina dariya. Da ta gama sai ta miƙo min ƙullin ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Ke, kwance kayan nan ki sa a ɗaki. Kuma a yi fate yau, na gaji da shayin nan naku."

Na yi faten tsaki da yakuwa, na kawo mata nan rumfar. Ta ci, ta ƙara. Rana ta yi sanyi, kwanon yana ta 'yan ƙararrakinsa. Ta ajiye cokali ta ɗaga kai ta ce, "Ka sauko haka nan, abinci zai huce." Ta jira. Sannan ta ce, a hankali, kamar maganar da suka riga suka gama, "To, in ba za ka sauko ba, ni zan hau."

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Da rana ta tafi, a ɗakinta, ƙofar rumfa a buɗe, ana yayyafi a kan kwanon tana ji. Da safiyar ranar wata mata ta zo gaishe ta, ta tambaye ta ya baƙunta, don ta ji labarin abin da take cewa. Mama ta ce, "Baƙunta kuma? A gidana?"

Yaya ya iso ana shirin jana'iza, ya ce a cire rumfar kafin baƙi su cika gida. Na ce ya je ya cire da hannunsa. Ya zaga baya a fusace. Da ya daɗe bai dawo ba na leƙa, na same shi a tsaye ya sunkuyar da kai don rumfar ta yi masa ƙasa, yana murza bakin shuɗin tsumman nan da yatsa. Bai sake maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Yanzu ni ce a gidan, na bar hayar Samaru. Rufin Yaya bai taɓa yoyo ba, rumfar kuwa duk damina sai na tara bokiti. Har yanzu ina koya wa yara cewa ƙarfe yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, kuma gaskiya ne, in sun rubuta haka ina ba su maki. Amma in la'asar ta yi ina gida, nakan rage rediyo. Wani ƙas ɗin daga wannan gefe, wani ya amsa daga can. Sandar tana jingine a bakin ƙofa inda ta bar ta, ina share gefenta kullum, ban taɓa ɗaga ta ba.